Littattafan Shirin Jarrabawa da Neman Gurbin Karatun Likita: Ina Amfaninsu Ya Tsaya?



1. Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar an buɗe rajistar jarrabawar shiga jami'a, sai kasuwar waɗansu irin littattafai ta buɗe tare da ita. Su ne littattafan da ke tattara tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu, da waɗanda ke taƙaita darussa, da kuma na zamani waɗanda ake zubawa cikin waya ko kwamfuta. Ban da waɗannan akwai azuzuwan horo na kuɗi da ake buɗewa a birane. Babu masu rububin waɗannan kayayyaki kamar ɗaliban da suka ɗora ransu a kan karatun likita, domin kuwa babu kwas ɗin da ya fi shi ƙarancin gurbi idan aka gwada da yawan masu nema.

Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin waɗannan kayayyaki suna ƙara wa ɗalibi maki, ko kuwa masu sayar da su kaɗai suke ƙara wa arziki? Za a duba tambayar ne da idon ɗalibin karkara, kuma an ɗauki garin Bena, a Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu ta ƙasar Zuru, cikin Jihar Kebbi, ya zama abin misali. Dalili shi ne, a irin wannan gari na manoma da makiyaya da 'yan kasuwar dabbobi, kuɗin da za a kashe wa yaro a kan shirin jarrabawa sau da yawa daga rumbu yake fitowa ko daga turke. Wanda zai sayar da bijiminsa ya cancanci a gaya masa gaskiyar abin da zai saya.

2. Ƙofar da ake neman shiga

An kafa Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, wato JAMB, a shekarar 1978. Kafin wannan lokaci kowace jami'a ita ke tace ɗalibanta. A 2005 aka ƙara wata tantancewa ta biyu wadda jami'o'i ke yi da kansu, a 2010 jarrabawar ta ɗauki sunan UTME, sa'an nan daga 2015 aka bar takarda da fensir aka koma kwamfuta gaba ɗaya.

Mai neman karatun likita yana rubuta darussa huɗu: Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran ukun, kuma awa biyu ake bayarwa. Idan aka raba, kowace tambaya tana da daƙiƙa 40 ke nan. Jimlar maki 400 ne. Ban da wannan, tilas ɗalibi ya sami kiredit a waɗannan darussa huɗu da kuma Lissafi a jarrabawar kammala sakandare.

Alƙaluman hukumar suna nuna tsananin lamarin. A 2024, wajen kashi 76 cikin ɗari na waɗanda aka saki sakamakonsu ba su kai maki 200 ba. A 2025 an tsayar da 150 ya zama mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma duk wanda ya san sha'anin ya san mai wannan maki ko ƙofar tsangayar likita ba zai leƙa ba. Abin da ya sa haka shi ne, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Saboda haka gasar ba ta wuce wani maki da aka sani tun farko ba ce. Ɗalibi yana neman ya wuce 'yan'uwansa ne, kuma maki biyar ko goma sukan raba mai shiga da mai komawa gida. Wannan shi ne tushen kasuwar da ake magana a kanta.

3. Wahalar auna amfani

Mai sayar da littafi ko mai ajin horo hujjarsa ɗaya ce a kullum: ga ɗalibanmu, ga makin da suka ci. Hujjar tana da daɗin ji, amma tana da rauni ta fuska uku.

Na farko, waɗanda ke iya biyan kuɗin horo galibi su ne 'ya'yan masu hali, waɗanda suka fito daga makarantun da ke da malamai da ɗakin gwaje-gwaje. Manomi ya san wannan matsala. Idan aka zuba taki a fadama aka bar jigawa babu, aka ga fadama ta fi yabanya, ba a san rabon taki ba, ba a san rabon laima ba. Sai an gwada gona biyu masu ƙasa iri ɗaya kafin a yi wa takin shaida.

Na biyu, ɗalibai da yawa sukan shiga horo ne bayan sun zauna jarrabawa sau ɗaya ba su sami abin da suke so ba. Wanda ya sake zama yakan ƙara maki ko da bai je ko'ina ba, domin ya ƙara shekara guda ta karatu, ya kuma riga ya san ɗakin jarrabawa. Mai ajin horo sai ya haɗa wannan ƙari duka ya rubuta a allon tallansa.

Na uku, hoton wanda ya ci kaɗai ake liƙawa a bango. Ba a taɓa ganin ajin horon da ya buga sunayen waɗanda suka biya kuɗi suka faɗi ba.

4. Abin da bincike ya nuna

Ƙasar da ta fi daɗewa da wannan muhawara ita ce Amurka, inda Stanley Kaplan ya fara sana'ar horon jarrabawa a 1938. A 1999, Donald Powers da Donald Rock suka gwada ɗaliban da suka sami horon kuɗi da waɗanda ba su samu ba a jarrabawar shiga jami'a ta SAT, bayan sun yi la'akari da bambancin da ke tsakaninsu tun farko. Suka tarar horon ya ƙara wajen maki 8 a sashen harshe da wajen 18 a sashen lissafi, a jarrabawar da kowane sashe ke da maki 800. A lokacin kuwa kamfanoni suna tallan ƙarin da ya haura maki 100.

Game da likitanci kai tsaye, a 2004 William McGaghie da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kan kwasa-kwasan kuɗi na shirin jarrabawar MCAT, wadda ake shiga makarantar likita da ita a Amurka, da sauran jarrabawar likitoci. Hukuncin da suka yanke shi ne binciken ba shi da yawa, mai rauni ne, kuma bai tabbatar da cewa kwasa-kwasan sun cancanci kuɗinsu ba.

A Ostareliya, Barbara Griffin da abokan aikinta sun duba jarrabawar UMAT wadda ake amfani da ita a wancan zamani. A 2008 suka ba da rahoton cewa horo bai canza komai ba a sashen warware matsala da sashen fahimtar halayyar mutane, sai ɗan ƙari kaɗan a sashen gane tsarin zane-zane, wanda dabararsa ke koyuwa. A 2013 kuma suka fito da wani sakamako mai ban tsoro: ɗaliban da suka shiga makarantar likita bayan sun sami horon kuɗi, makinsu a cikin karatun kansa ya kasa na waɗanda suka shiga ba tare da horo ba.

Amma a nan sai a yi hattara, kada a ɗauko hukuncin wata ƙasa a ɗora wa Nijeriya ido rufe. SAT da UMAT an tsara su ne don auna kaifin tunani, ba su dogara sosai da wata manhaja ba. UTME kuwa jarrabawar manhaja ce. Hukumar tana fitar da jerin batutuwan da za a yi tambaya a kansu, har ma takan ayyana littafin labari ɗaya da kowa zai karanta domin sashen Turanci. Abin da aka ayyana kuwa yana karantuwa. Saboda haka hankali yana ba da cewa shiri yana da tasiri a UTME fiye da yadda yake da shi a waɗancan. Abin da ya rage a sani shi ne wane irin shiri.

A kan wannan ma akwai bincike mai ƙarfi. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani rubutu. Kashi ɗaya suka maimaita karanta shi zama huɗu; ɗaya kashin suka karanta zama ɗaya, sa'an nan aka karɓe takardar aka sa su rubuto abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu suka yi rinjaye. Da aka gwada su bayan mako guda, sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaita karatu suka tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu suka tuna kashi 61. A 2013, John Dunlosky da waɗansu masana suka auna hanyoyin karatu goma da ɗalibai ke bi. Biyu kaɗai suka sami babban yabo, wato gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu cikin kwanaki da makonni. Maimaita karatu da ja wa layi alama da biro, waɗanda su ne al'adar yawancin ɗalibai, suna cikin na ƙasa.

5. Darasi daga makarantar allo

Abin da waɗannan masana suka gano a ɗakin bincike, alarammomin ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki da shi. Almajiri mai hadda ba ya wanke allonsa don kawai ya kalle shi sau ɗari. Sai ya kife allon ya kawo karatun da ka a gaban malam, in ya yi tuntuɓe a mayar da shi. Bayan an yi masa ƙari ma ba a barin na baya ya kwanta. Akwai tishi, akwai tilawa, dare da asuba, har abin ya zauna. Daga ƙarshe gardi yakan kai ga satu, ya rubuta da ka, a kawo allo a duba a gyara. Kife allo shi ne gwada kai, tishi kuma shi ne rarraba karatu.

To, littafin tambayoyin baya allo ne. Ɗalibin da ya buɗe shi yana karanta tambaya yana leƙa amsa a ƙarshen shafi, yana gyaɗa kai, daidai yake da almajirin da bai taɓa kife allonsa ba: yana jin ya iya, alhali ganewa kawai yake yi idan ya gani. Wanda ya rufe amsa, ya ajiye agogo, ya yi tambaya 40 a zama ɗaya, ya duba kurakuransa, ya koma babban littafin darasi ya nemo dalilin kowane kuskure, shi ne ya ci moriyar kuɗinsa. Littafi ɗaya ne a hannun su biyun, farashi ɗaya.

Sai dai misalin yana da iyaka, kuma tsangaya da kanta ta san iyakar. Mahaddaci daban, mai tafsiri daban. Wanda ya sauke yakan koma zauren malamin ilmi ya fara littattafai daga tushe. Tambayar Fiziks ba nassi ba ce da ba a canzawa. Da zarar an sauya lamba ɗaya, ko an juya tambayar ta baya, wanda ya haddace cewa amsar ita ce C ya shiga uku. Hadda tana da wurinta a kimiyya, kamar sunayen sinadarai da ƙa'idojin lissafi da sassan jiki, amma sai an ɗora ta a kan fahimta.

6. Halin ɗalibin Bena

Idan aka dawo gida, za a ga cewa makin ɗalibi a wannan jarrabawa abubuwa huɗu ne suka haɗu suka haife shi: sanin darasi, da fahimtar Turancin da aka yi tambaya da shi, da sabo da kwamfuta da agogo, da kwanciyar hankali. Littafin shiri bai da ƙarfi ɗaya a kan huɗun.

Inda ya fi ƙarfi shi ne sabo. Yaron da ya taso a Bena ko ƙauyukan da ke kewaye da ita, wanda watakila bai taɓa zama gaban kwamfuta na awa biyu ba, yakan yi hasarar mintoci masu tsada yana neman harafin da zai danna ya wuce gaba ko ya koma baya. Wannan hasara ce da 'yan kwanaki na gwaji ke magancewa. Tun 2017 hukumar ta fito da jarrabawar gwaji kafin ta gaske, kuma a nan ne ɗan karkara yake da ribar da ta fi ta ɗan birni, domin shi ɗan birni ya riga ya saba.

A kan Turanci ƙarfinsa matsakaici ne. Ɗalibin ƙasar Zuru yakan tashi da Hausa ko Dakarci ko Fulatanci, wani ma da biyu, Turanci kuwa sai a aji. Sau da yawa ya san amsar tambayar Bayoloji, amma wata 'yar kalma mai nufin "ban da" ko "mafi ƙaranci" ta juyar da shi. Yawan ganin tambayoyi yana koya masa waɗannan tarkuna. Amma saurin karanta dogon rubutu da fahimtarsa cikin daƙiƙa 40 abu ne da ake ginawa cikin shekaru, ta hanyar karatu mai yawa.

A kan sanin darasi, wanda shi ne kashi mafi girma, littafin shiri yana iya tunatarwa, amma ba ya iya koyar da abin da ba a taɓa koya ba. Ɗalibin da ya yi shekara uku na babbar sakandare ba tare da tsayayyen malamin Kemistiri ba, taƙaitaccen bayani mai shafi biyu ba zai cike masa gurbin ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A kan kwanciyar hankali kuwa, littafi ba shi da ta cewa. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka jawo wa wannan yanki na kan iyaka da Zamfara. A watan Nuwamba na 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, a cikin wannan ƙaramar hukuma ta Danko/Wasagu, aka kwashi ɗalibai 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Duk zangon karatun da tsoro ya cinye, babu kantin da ake sayo shi.

Gaskiya ne tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in Tarayya ya yi tanadi. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ta ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilmin boko, kuma Kebbi tana cikin waɗannan. Ɗan Bena da ya nemi Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato yana da wannan sassauci. Amma a cikin kason jiharsa ma yana takara ne da 'yan Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri, da 'ya'yan Kebbi da suka yi karatu a Kaduna da Abuja.

Akwai kuma abin da ke bayan ƙofa. Karatun likita shekara shida ne, kuma babbar jarrabawar farko, ta ilmin ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki, ta yi suna wajen tankaɗe ɗalibai. Masu cinikin dabbobi sun san bambancin ragon da aka turke wata shida da wanda aka cika wa ciki da ruwa ranar kasuwa. Na biyun yana iya wuce idon mai saye, amma ba ya wuce wuƙar mahauci. Sakamakon Ostareliya da aka ambata a baya gargaɗi ne irin wannan.

7. Shawarwari

Ga ɗalibi: ya fara da manhajar hukuma, ya bi ta batu bayan batu da manyan littattafan darasi, tun daga aji biyu na babbar sakandare. Ya mai da tambayoyin baya ma'aunin kansa, amsa a rufe, agogo a gaba, ya kuma ajiye littafi na musamman da zai riƙa rubuta kurakuransa. Awa biyu kullum na wata shida sun fi kwana ba barci na mako biyu. Ya sani kuma ba a rasa kuskure a amsoshin da ake bugawa a irin waɗannan littattafai. In amsa ta saɓa wa babban littafi, a kai wa malami ya raba gardama. Ɗalibai uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi saiti ɗaya, su riƙa yi wa juna tambaya, wanda hakan ma ya fi karatun kaɗaici.

Ga iyaye: yawancin ribar da ke cikin shiri tana cikin abubuwa masu araha, wato manhaja, da littafin tambayoyi ɗaya mai kyau, da kuɗin jarrabawar gwaji, da fitila, da lokacin da za a ɗauke wa yaro aikin gona ko talla. Kafin a sayar da dabba a tura yaro birni, a tambayi mai ajin ɗalibai nawa ya karɓa bara, nawa ne daga cikinsu suka sami gurbin likita. Wanda ya ƙi faɗin lamba ta farko, cinikin biri a sama yake so a yi da shi. Wanda kuwa ya ce yana da tambayoyin bana, ko zai iya ƙara maki bayan an fitar da sakamako, ɗan damfara ne, kuma yaron da ya bi shi yana iya rasa sakamakonsa gaba ɗaya.

Ga ma'aikatan ilmi na jiha da na ƙananan hukumomi, da masu riƙe da muƙaman siyasa: saya wa ɗalibai fam da raba musu littattafai alheri ne, amma shi ne mafi sauƙin aikin, shi ya sa ya fi yawa. Abin da zai canza alƙaluma shi ne a tura malaman Fiziks da Kemistiri da Turanci makarantun karkara, a ba su alawus da masauki da zai sa su zauna, a kuma tanadi ɗaki ɗaya mai kwamfutoci da wutar hasken rana inda ɗaliban gunduma za su riƙa gwaji bi da bi. Haka nan ya kamata kowace makaranta ta riƙa ajiye makin ɗalibanta na gwaji da na gaske, da irin shirin da kowa ya yi. Malaman Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna iya juya wannan lissafi ya zama bincike na gida, wanda zai fi na Amurka da Ostareliya dacewa da yaran wannan ƙasa.

8. Kammalawa

Amsar tambayar da aka fara da ita ita ce: littattafan shiri suna ƙara maki, amma ƙarin bai kai abin da ake talla ba, kuma ya dogara da tushen da ɗalibi ya zo da shi da yadda ya yi amfani da littafin. Tsadar horo ba ta nuna yawan amfaninsa. Ga yaron da aka koyar da shi sosai, wanda maki kaɗan suka rage masa, littafin tambayoyi da jarrabawar gwaji suna iya zama sanadin shigarsa. Ga wanda ba a koyar ba, hakkinsa yana wuyan waɗanda aka ɗora wa alhakin makarantarsa.

Al'amarin ya wuce na ɗalibi ɗaya da iyayensa. Likitan da ya tashi a Bena ko Ribah ko Wasagu, wanda ke jin harshen majiyyaci ba tare da tafinta ba, ya fi kusa da ya yarda ya zauna a asibitin karkara. Kowane gurbi da ɗan wannan yanki ya rasa saboda rashin malami, al'umma ce ta yi hasararsa.

Allah ya ba ɗalibai sa'a, ya saka wa malamai da iyaye da alheri, ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya.